KASET ƊIN KAKA: TARIHIN RIGIMAR MAKIRUFO DA KYAMARA



Mai karatu, ka saba ganina da labarin masoya da rikicin kishiyoyi, to yau ka yi mini haƙuri, tarihi zan taɓa, kuma tarihin wani abu ne da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, wato kan wayar nan da ake sokawa a jikin kyamara domin makirufo ya kai mata magana. Na san wani zai ce ina ruwan biri da gada, me ya haɗa marubucin littafi da wayar lantarki? Abin da ya haɗa mu wani ɗan ƙaramin kaset ne da ke ƙasan akwatin littattafaina tun shekarar 2002. Minti 60 ne a cikinsa, hoto garau, kakana na zaune a kan buzunsa yana magana yana nuni da hannu, amma ko tarinsa ba a ji. Sai wani huci kawai, shiiii, kamar an kunna rediyo ba a kan tasha ba.

A lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, littafina na farko ya shiga kasuwa, kaina sai rawa yake, kuma kamar yawancin matasan marubuta na zamanin ina ta kutse a harkar fim, yau in riƙe wa wannan sandar bum, gobe in gyara wa wancan labari. Kakana na wajen uwa kuwa yana cikin mutanen da suka tafi aikin Hajji a ƙasa. Ya bi ta Maiduguri, ya ƙetara Fort Lamy wadda yau ake kira Njamena, ya wuce Abeche, ya shiga Sudan ta Jinaina da Fashir, ya yi ƙwadagon tsinkar auduga a Jazira kamar dubban 'yan uwansa Takari, har ya tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Shekara bakwai ya yi kafin ya dawo gida. Kowa a gidan ya san ya yi aure a can, ya kuma baro 'ya mace, amma ba ya son zancen, da an taɓo sai ya jawo carbinsa.

Wata Juma'a na je gaishe shi, sai ya ce, "Kai ja'iri, an ce kana ɗaukar mutane a akwatin hoto. Zo ka ɗauke ni kafin in tafi, akwai maganar da nake so in bari."

Na ce, "Haba Kaka, ai ba inda za ka sai ka ga na ƙwace maka tsohuwar nan."

Ya yi dariya ya ce, "Ka dai zo da wuri."

Na ari kyamara a wurin wani abokina mai ɗaukar biki, irin ƙananan nan masu cin kaset ɗin MiniDV. Da na tsaya a nan da an wuce wurin. Amma neman gwaninta ya sa na ce muryar tsoho ta yi ƙasa, sai na je wani sutudiyo na aro dogon makirufon nan na 'yan fim. Da na zo haɗawa sai na ga gindinsa haƙora uku ne manya, kafar kyamara kuwa 'yar mitsitsiya. Na garzaya wurin mai gyaran rediyo, ya yanko waya ya liƙa kawuna biyu da dalma, ɗaya ya shiga makirufo, ɗaya ya shiga kyamara daram. Na ce shi ke nan, tun da ya shiga ai ya yi.

Kaka ya kori mata da yara daga zaure. Ya faɗi sunan ƙauyen da ya zauna a yankin Wad Madani, ya faɗi sunan matar da na mahaifinta, da sunan 'yar, da dalilin da ya sa ya taho ya bar su, har idonsa ya kawo ruwa. Ni kuwa da nake kiran kaina marubuci, ko biro ban riƙe ba, hankalina na kan kada sanda ta shigo hoto, ai kaset na ɗauka. Da dare na jona kyamara a talbijin, na ƙure murya har ƙarshe, shiru. Kunya ta hana ni komawa in gaya masa, na riƙa ce wa raina zan sami mai gyarawa. Wata huɗu bayan haka Allah ya yi masa rasuwa.

Tun daga ranar na shiga tambaya, duk wanda na ga ya san sauti sai na tsare shi. Abin da zan ba ka yanzu shi ne abin da na tsinta a hankali cikin shekara fiye da 20, kuma na gano cewa makirufo da kyamara ba gida ɗaya suka taso ba, auren dole aka yi musu, shi ya sa har gobe ba sa rasa 'yar tsama.

ASALIN KAWUNAN WAYA

Kan wayar nan mai kama da harsashi ya girmi kyamarar bidiyo nesa ba kusa ba. Daga ofisoshin tarho ya fito, tun ƙarshen ƙarni na 19, zamanin da ma'aikaci ke zama gaban allo mai ramuka yana zare waya daga nan yana sokawa can domin ya haɗa masu magana biyu. Ofishin farko irin wannan na kasuwanci an buɗe shi a garin New Haven na Amurka a 1878. Kaurin wancan kai milimita 6.35 ne, kuma har yau shi kake gani a jikin amfilifayar masallaci da fiyanon mawaƙa. Daga baya aka yi masa ƙane mai milimita 3.5 domin abin kunne na ƙananan rediyoyi, wanda ya cika duniya bayan kamfanin Sony ya fito da Walkman a 1979. Wannan ƙanen shi ne kafar da ke jikin kyamarar abokina.

Shi kuwa mai haƙora uku, wanda ake kira XLR, gidansu daban. Kamfanin Cannon na birnin Los Angeles ne ya fito da shi a shekarun 1950, gidajen rediyo da masu ɗaukar waƙa suka rungume shi saboda dalili biyu. Na ɗaya yana da makulli, ba ya zarewa don wani ya yi tuntuɓe da waya. Na biyu shi ne hikimar haƙoran nan uku. Ɗaya na ƙasa ne, sauran biyun kuwa duk murya ɗaya suke ɗauke da ita, sai dai ɗaya a miƙe, ɗaya a juye. Duk wani gurnanin lantarki da doguwar waya ta kwaso a hanya yakan hau su biyun daidai wa daida. Idan suka isa na'ura sai ta sake juya wanda aka juya ta haɗa su, murya ta ƙaru, gurnani kuma ya cinye kansa. Shi ya sa za ka ja irin wannan waya mai tsawon gaske a filin wa'azi ba ka ji ƙugi ba. Ka riƙe wannan bayani mai karatu, za mu dawo kansa.

WUTAR FATALWA

Su kansu makirufo iri biyu ne manya. Akwai wanda ba ya cin wuta, irin na ladan da na maroƙa, wanda motsin iskar bakinka ne ke kaɗa wani ɗan naɗin waya a gaban maganaɗisu ya haifar da sauti. Akwai kuma mai kaifin ji, wanda ke iya kamo raɗa, irin na sutudiyo da na kan sandar bum, shi kuwa dole sai an ba shi wuta kafin ya ce uffan.

A 1966 kamfanin Neumann na Jamus ya yi wa gidan rediyon ƙasar Norway aiki. Gidan yana da wata wuta mai ƙarfin bolt 48 da ya tanada domin fitilu, sai injiniyoyin suka yi dabarar tura irin wannan wuta ta cikin wayar makirufon kanta, ba tare da ƙara wata waya ba. Da yake ba a ganin hanyar da take bi, sai Turawa suka sa mata sunan da ma'anarsa wutar fatalwa. Daga nan bolt 48 ya zama ƙa'ida a duniyar ƙwararru har yau.

A ɗaya gefen kuma, tun 1962 wasu masana biyu a ɗakin bincike na Bell da ke Amurka, Gerhard Sessler Bajamushe da James West baƙar fatar Amurka, sun ƙirƙiro wani ɗan ƙaramin makirufo mai arha wanda 'yar wuta kaɗan ta ishe shi. Jikokinsa ne ke cikin rakoda da kyamara da wayar da ke aljihunka. Domin irinsa ne ƙananan kyamarori ke turo 'yar wuta ta kafarsu, wadda yawanci ba ta wuce bolt 2 zuwa 5 ba.

To ka ga inda gizo ke saƙar. Makirufon da na aro bolt 48 yake jira, kyamara kuma abin da ke hannunta bai wuce wajen kashi ɗaya cikin goma ba. Ƙarin tashin hankalin shi ne, da zarar ka soka wani abu a kafar, kyamara takan kashe nata makirufon na jiki, ta saki baki tana jiran baƙo. Ma'ana, da ban aro komai ba, da yau muryar Kaka na nan, ko da da kukan awaki a bayanta.

YADDA MURYA TA SHIGO FIM

Fim ya yi kusan shekara 30 yana bebe kafin The Jazz Singer na 1927 ya buɗe ƙofar fim mai magana a Amurka, Indiya kuma ta bi da Alam Ara a 1931. Amma ko a lokacin, kyamara hoto kawai take ɗauka, murya kuma wata na'ura daban, kowa da ma'aikacinsa. Allon nan da ake tafawa a gaban kyamara kafin a fara wasa ba ado ba ne, edita ne ke neman hoton da katakon ya haɗu da kuma ƙarar tas ɗin a faifan murya, ya daidaita su. A 1951 Stefan Kudelski, ɗan asalin Poland mazaunin Suwizalan, ya ƙera rakodar Nagra wadda ake ratayawa a kafaɗa, ita ce daga baya ta zama abokiyar tafiyar masu ɗaukar sauti na shekaru masu yawa.

Mu ma a nan yankin mun ga zamanin raba hoto da murya. Iyayenmu sun ba mu labarin majigi, motar da ke zuwa ƙofar fada da dare a haska fim a farin ƙyalle, wani kuma na riƙe da makirufo yana fassara da Hausa ta lasifika. A maƙwabta kuwa, Bafaranshen nan Jean Rouch da ya daɗe yana aiki a Nijar, lokacin da ya yi fim ɗin Moi, un noir na 1958 a kan 'yan ci-ranin Nijar a Abidjan, hoto ya fara ɗauka, daga baya Oumarou Ganda ya zauna yana kallo yana ɗora magana a kai. Finafinan Hausa na silima irin su Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976 aikin ma'aikatan da suka sami horo ne, masu sashen sauti na musamman.

Bidiyo ne ya zo ya cusa amarya da ango a ɗaki ɗaya. Sony ta fito da Betamax a 1975, JVC ta fito da VHS a 1976, a 1983 kuma Sony ta haɗe kyamara da rakoda a jiki guda. Tun da hoto da murya yanzu kan zare ɗaya suke hawa, dole makirufo ya bi ta cikin kyamara. Masu ƙera ta kuwa magidanci suke tunani, mai ɗaukar bikin zagayowar haihuwar ɗansa, saboda haka suka ba ta 'yar kafar milimita 3.5, suka kuma sa mata wata dabara mai ɗaga murya da sauke ta da kanta. Ba su san wasu matasa a Kano za su gina masana'anta a kanta ba.

KANO TA ƊAUKI KYAMARA

A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fito da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyon Hausa na farko da ya shiga kasuwa, ta biyo da Gimbiya Fatima a 1992. Mu marubuta ba a bar mu a baya ba, domin littafin Ado Ahmad Gidan Dabino, In Da So Da Ƙauna, ya zama fim a 1994, wasu littattafan suka bi sahu. Kafin ƙarshen shekarun, mujallun Tauraruwa da Fim sun fito, Sangaya ya zo a 1999 ya girgiza kasuwa, Wasila ya biyo a 2000.

Duk wanda ya kalli finafinan wancan zamani zai tuna wani abu: idan waƙa ta zo sai ka ji ta tangaran, idan aka dawo magana sai ka ji kamar daga cikin rijiya, ka tashi ka ƙara murya, waƙa ta sake dawowa ta fasa maka kunne. Dalili kuwa hanyoyinsu ba ɗaya ba ne. Waƙa a sutudiyo ake yin ta, a rufaffen ɗaki, da fiyanon Yamaha da makirufo dab da bakin mawaƙi, 'yan wasa su bi ta da baki kamar yadda Indiyawa ke yi, edita ya ɗora ta kai tsaye. Magana kuwa a lokeshin ake kama ta, sau da yawa da makirufon da ke goshin manyan kyamarorin kafaɗa masu cin kaset ɗin VHS. Wannan makirufo abin da ya fi kusa da shi yake ji, wato gurnanin injin kyamara da numfashin mai ɗauka. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka biyu, ƙarfin sautin da ke isowa yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu, to ina ga jarumar da ke can ƙarshen falo tana kuka ƙasa-ƙasa? Da ta yi shiru kuma sai dabarar nan mai ɗaga murya ta ɗauka ba ta ji ne, ta ƙure kunne, ta jawo ƙarar janareta da sallamar almajiri daga waje. A kan wannan kuma a ɗora kwafi, daga uwar kaset zuwa 'ya'ya, kowane hawa da hucin da yake ƙarawa.

Da ido ya fara buɗewa sai aka shiga sayen makirufon bum, a nan kuma sabuwar rigima ta tashi, irin wadda ta ci ni. Tsarin DV ya fito a 1995, hoto ya yi kyau ƙwarai, amma ƙananan kyamarorinsa da ma wasu manyan har lokacin 'yar ƙaramar kafa gare su. Masu gyaran rediyo suka zama injiniyoyin sauti na dole, kowa da yadda yake liƙa tasa wayar.

A 2004 an yi fim da wani labarina, ba sai na faɗi suna ba. Edita ya gama aiki, ya saurara da hedifon, komai lafiya. Da aka kai samfuri shagon dillali aka sa a 'yar talbijin ɗinsa mai lasifika ɗaya, sai ga baki na motsi murya can ƙasa kamar ta sauro, kiɗa kuwa raɗau. Furodusa ya dafe kai, domin kuɗin gidan gado ya zuba. Aka kai mu wurin wani dattijo, tsohon ma'aikacin gidan talbijin. Ya saurara, ya ce a kawo masa wayar da aka yi aiki da ita, ya kwance kanta ya duba, sai ya yi murmushi.

Ya ce, "Yara, wanda ya liƙa muku wannan ya kai haƙori na biyu kunnen hagu, ya kai na uku kunnen dama. Murya a miƙe a hagu, a juye a dama. A hedifon kowane kunne na jin nasa, ba ka ganewa. Talbijin mai baki ɗaya kuwa haɗa su take yi, su kashe juna."

Na ce, "Baba, ke nan sai an sake ɗaukar fim ɗin?"

Ya ce, "A'a ɗana. Ku zubar da dama, ku kwafi hagu ku sa a duka biyun."

Cikin yini ɗaya aka gyara. Ganin haka sai zuciyata ta buga, washegari na dawo masa da kaset ɗin Kaka. Ya sa hedifon ya daɗe yana saurare, ya tambaye ni irin makirufon, na kwatanta masa. Ya cire ya ajiye, ya ce, "Wancan murya ta shiga, hanya ta ɓata, shi ya sa muka dawo da ita. Wannan ko ƙofa ba ta zo ba. Ka yi haƙuri." A wurinsa na fara jin labarin bolt 48.

Sauƙi ya fara samuwa da kyamarori irin Sony PD150 da ta fito a 2000, wadda ke da kafar XLR biyu da makunnin wutar fatalwa a jikinta. Sai kuma tarihi ya yi juyin waina. A 2008 Canon ta fito da 5D Mark II, kyamarar hoton kati mai ɗaukar bidiyo kamar na silima, masu fim a duniya suka yi caa a kan irinta. Amma kafarta 'yar ƙarama ce, ba ta da wurin sa hedifon, kuma sai a 2010 aka ba ta damar saita ƙarfin murya da hannu. Dole aka koma ɗaukar murya a rakoda daban irin Zoom H4n, aka kuma kakkaɓe allon tafi na zamanin kakanni. Auren da bidiyo ya ɗaura, sai ga shi an sake raba ɗaki.

Wayar hannu ta zo da nata salon. Ka ɗauki kan waya ka ƙirga baƙaƙen zobban da ke jikinsa. Zobe ɗaya hanya ɗaya ce, zobe biyu hagu da dama ne, irin wanda kyamara ke so, zobe uku kuwa na wayar hannu ne, hagu da dama da makirufo. Kaurinsu ɗaya, kowanne zai shiga ramin ɗan uwansa, amma ƙarafan ciki ba za su haɗu inda ya kamata ba. Ko a masu zobe ukun ma an yi tsari biyu, tsofaffin wayoyin Nokia da nasu, Apple da nata wanda daga baya ya rinjaya, bambancinsu kawai an musanya wurin makirufo da na ƙasa. A 2016 Apple ta cire kafar gaba ɗaya daga iPhone 7, wasu kamfanonin suka bi. Yau da fim ɗin Hausa ya koma mai dogon zango a YouTube da tashoshi irin Arewa24 da aka buɗe a 2014, ƙananan makirufo marasa waya da ake maƙalawa a wuyan riga sun yawaita, amma akwatin karɓarsu har yanzu da waya yake shiga kyamara, kuma sau da yawa wayoyi biyu ke zuwa a kwalin, ta kyamara da ta wayar hannu. Na sha ganin yaro ya ɗauki wadda ba ita ba.

ABIN DA WAHALA TA KOYA MINI

Idan ka haɗa makirufo ka ji shiru, fara da wuta. Wane iri ne, mai cin bolt 48 ne, ko mai batir, ko mai jiran 'yar wutar kyamara, ko wanda ba ya ci sam? Idan mai batir ne duba batirin da makunninsa, idan na wutar fatalwa ne kuma kyamararka ƙaramar kafa gare ta, sai ka sami akwatin tsakiya mai ba da wutar, ko rakoda daban. Daga nan ƙirga zobba. Daga nan shiga saitin kyamara ka tabbata ta san ta kafar waje kake so ta ji.

Idan murya na fita amma a farfashe kamar tsohuwar lasifikar tasha, to ka duba ko daga miksa ka jawo. Abin da makirufo ke fitarwa ɗan mitsitsi ne, ana auna shi da kashi dubu na bolt, abin da miksa ke fitarwa kuwa yakan kai wajen bolt guda. Zuba wannan a kafar makirufo kamar juye tulu ne a kofin shayi. Manyan kyamarori na da makunnin zaɓi tsakanin biyun, ƙanana kuwa sai an sa waya mai rage ƙarfi. Idan kunne ɗaya kawai ke ji, wannan mai sauƙi ne, edita zai raba. Idan ƙugi kake ji, zare cajar kyamara ka koma batir, ka kuma raba wayar murya da wayar janareta. Idan huci na tashi duk lokacin da aka yi shiru, kashe mai ɗaga murya da kansa ka saita da hannu. Kafin ka saki aiki kuma ka saurare shi a waya mai lasifika ɗaya, domin ciwon da ya kama mu a 2004 bai mutu ba.

Gaba da duk waɗannan, ka sa hedifon a kunnenka, a jikin kyamarar, tun daga farko har ƙarshe. Ka ɗauki minti ɗaya na gwaji, ka mayar baya ka saurara kafin ka ce wa mutum bismillah. Minti ɗayan nan ne ban yi ba.

Na juye kaset ɗin a kwamfuta tuntuni don kada ya lalace. Na taɓa zaunar da wani da ya yi karatu a Sudan muka riƙa maimaita wurin da Kaka ke faɗar sunan ƙauyen, ko zai gane daga motsin leɓe, amma gemu ya rufe bakin, haƙora kuma babu. Mahaifiyata ta yi shekaru tana tambayata, "Wai har yanzu ba a gyara kaset ɗin Baba ba?" ina ce mata ana nan ana ƙoƙari, sai da girma ya zo mini na zauna na gaya mata gaskiya. Ta yi shiru, can ta ce, "Allah bai nufa za mu gana ba." Idan yayar tata na raye a wani ƙauye na Jazira, yanzu ta haura shekara 70, ga kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 wanda ya tarwatsa mutanen yankin. Duk lokacin da na ji an ambaci Wad Madani a labarai sai in ajiye abin da nake yi.

Mai karatu, idan akwai tsoho a gidanku mai labari a baki, kada ka jira sai ka sami kayan ƙwararru. Wayar hannunka ta isa, ka matsa kusa da shi, ka gwada ka saurara, kuma ka riƙe biro da takarda ka rubuta sunaye da garuruwa yana faɗa. Allah ya jiƙan Kaka da dukkan magabatanmu, ya kai sauƙi ga 'yan uwanmu na Sudan, mu kuma ya sa mu cika da imani.

Wassalam.